Ɗalhatu da Salamatu: Tarihin Sunayen Maza Masu Kama da na Mata a Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta bi tarihin sunayen maza waɗanda kunnen Bahaushe ke ji kamar na mata, tun daga jerin sarakunan Kano na farko, zuwa sunayen sahabbai da tabi'ai, har zuwa zamanin rajista da fasfo. Ta ɗauki ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a matsayin fagen nazari. Abin da tarihin ya nuna shi ne, al'adar wuri da zamani ce ke raba sunan namiji da na mace, harafin ƙarshe ba ya yanke wannan hukunci, kuma a kan haka fiƙihun Malikiyya ya dace a gina fatawa.

Gabatarwa

A kudancin Kano, kamar sauran ƙasar Hausa, ana yi wa jariri huɗuba tun ranar da aka haife shi, a bayyana sunan da safiyar rana ta bakwai bayan an yanka rago an raba goro. Idan uban ɗalibin hadisi ne, ya zaɓi Huzaifa ko Ubaida ko Ukashatu, ba a rasa wata kaka ko gwaggo da za ta tambaya ko an manta namiji aka haifa. Tambayar tana da nauyi, domin suna haƙƙin yaro ne a kan mahaifinsa, da shi za a kira shi a makarantar allo, da shi za a ɗaura masa aure, da shi za a sanar da rasuwarsa.

Wannan yanki ya dace da irin wannan nazari. Yana kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin Kano da Zazzau, garuruwan malamai suna maƙwabtaka da unguwannin Maguzawa da rugagen Fulani, ga kuma haƙar kuza a Riruwai ta ƙasar Doguwa da ta tara baƙi daga wurare dabam-dabam. Saboda haka sunayen zamunna uku, na gargajiya da na littafi da na zamani, suna zaune a gida ɗaya.

Sunayen Hausawa na dauri

A nahawun Hausa, yawancin kalmomin da suka ƙare da wasalin "a" jinsin mace ne: rana, riga, gona, tsamiya. Daga nan ne zaton ya samo asali cewa duk sunan da ya ƙare da wannan wasali na mace ne. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya isa ya warware wannan zato. Sarkin farko a jerin shi ne Bagauda (999–1063), wanda tafkin da ke ƙasar Bebeji ke ɗauke da sunansa a yau. Bayansa akwai Nawata da Gawata da Yusa da Bugaya da Dakauta da Atuma, har zuwa Muhammadu Rumfa (1463–1499). Sarki na tara kuwa, jarumin da littafin ya ce ya auka wa wurin tsafin mutanen Dala, sunansa Tsamiya (1307–1343), kalmar da kowane Bahaushe ya sani ta itaciya ce, kuma jinsin mace ce a magana.

Harshen yana da hanyarsa ta kauce wa ruɗani. Idan kalma ta zama sunan mutum, jinsinta yana bin mai sunan. Ana cewa inuwa ce, amma Inuwa ne. Ana cewa inuwar bishiya, amma Inuwan Kano. Haka nan wasalin ƙarshe, wanda yake dogo a kalmar yau da kullum, yakan gajarce idan ta zama suna. Da wannan ne Garba da Bala da Buba da Wada suka zauna daram a cikin sunayen maza.

Inda Bahaushe ya so rarrabewa, ya ƙirƙiri alama. Sunayen ranakun mako, waɗanda aka aro daga Larabci, jinsin mace ne a Hausa, don haka yarinya takan ɗauki sunan ranar kai tsaye, yaro kuma a ƙara masa "ɗan": Ladi da Ɗanladi, Talatu da Ɗantala, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe, haka kuma Azumi da Ɗan'azumi ga waɗanda aka haifa a watan Ramalana. Wanda ya daɗe a ciki ana ce masa Shekarau idan namiji ne, Shekara idan mace ce. Tarihin Kano ya kawo sarakuna masu suna Shekarau, ya kuma kawo Shekara, mahaifiyar Sarki Usman da Sarki Abdullahi Maje Karofi, 'ya'yan Ibrahim Dabo. Namijin da ya biyo bayan 'yan'uwa mata shi ne Tanko, macen da ta biyo bayan maza ita ce Kande. Sai dai an bar wasu sunaye a buɗe ga kowa: Gambo ga wanda ya biyo tagwaye, Auta ga na ƙarshe. Maguzawan kudancin Kano sun fi kowa riƙe irin waɗannan sunaye na rana da na yanayin haihuwa, Musulmi kuma suka mayar da su laƙabi a gefen sunan yanka.

Sunayen Larabawa a farkon Musulunci

Larabci ma yana da alamar mace da aka fi sani, wato harafin da almajiran allo ke kira ta-kuri, malaman nahawu kuma ta'u marbuɗa. Duk da haka, da yawa daga manyan sahabbai sunayensu da shi suka ƙare: Hamza ɗan Abdulmuɗɗalib da ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, Ɗalha ɗan Ubaidullahi, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, Usama ɗan Zaidu, Huzaifa ɗan Yaman, Ubada ɗan Samit, Mugira ɗan Shu'uba, Ukasha ɗan Mihsan da Mu'awiya ɗan Abu Sufyan (Allah Ya ƙara musu yarda). A cikin malaman fiƙihu bakwai na Madina akwai Urwa ɗan Zubairu da Kharija ɗan Zaidu.

Malaman nahawu sun kira irin wannan suna mu'annas na lafazi, ma'ana mace a furuci, namiji a ma'ana. Hukuncinsa shi ne a hana shi tanwini, amma aikatau da lamirin da ke komawa gare shi na namiji ne. Duk ɗalibin da ya karanci Alfiyyar Ibn Malik (ya rasu 672H/1274) a zaure ya gamu da wannan a babin sunayen da ba sa karɓar tanwini. Harafin kansa ba kullum yake nuna mace ba. Wani lokaci yana nuna ɗaya daga cikin jinsi: ɗalh wata itaciya ce mai ƙaya, guda ɗaya daga cikinta ita ce ɗalha. Wani lokaci yana ƙarfafa sifa, kamar allama ga babban malami. Kalmar halifa ma da shi ta ƙare. Hamza da Usama kuwa suna cikin sunayen zaki, don haka babu wani laushi da Balarabe ke ji a cikinsu.

Akwai abin da ya fi wannan ƙarfi, wato sunayen da maza da mata suka yi tarayya a kansu baki ɗaya. Hindu sunan Ummu Salama ne, Uwar Muminai, kuma sunan Hindu ɗan Abu Hala ne, ɗan Nana Hadiza daga mijinta na baya, wanda Imam Tirmizi ya kawo siffanta Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hanyarsa a littafin Shama'il. Littattafan tarihin sahabbai, irin su al-Isaba na Ibn Hajar (ya rasu 852H/1449), sun ambaci wasu 'yan'uwa biyu maza daga ƙabilar Aslam, Asma'u da Hindu 'ya'yan Harisa, waɗanda suka lazimci ƙofar Manzon Allah (SAW) suna yi masa hidima. A cikin maruwaita akwai Juwairiyya ɗan Asma'u, mutumin Basra da ya rasu a 173H, wanda ya ruwaito daga Nafi'u da Imam Malik, Bukhari da Muslim kuma suka fitar da hadisansa. Namiji ne mai sunan Uwar Muminai, ɗan namiji mai sunan 'yar Sayyidina Abubakar.

An san Annabi (SAW) yana canza sunaye. Ya canza wa wata 'yar Sayyidina Umar suna mai ma'anar saɓo ya kira ta Jamila, ya canza Barra zuwa Zainab da kuma Juwairiyya saboda yabon kai da ke cikin sunan, ya kuma ba kakan Sa'idu ɗan Musayyib shawarar ya bar Hazn ya koma Sahl. Dalilin canjin a duk waɗannan shi ne ma'ana. Asma'u da Hindu 'ya'yan Harisa kuwa da sunayensu suka rayu a ƙofarsa, da su kuma tarihi ya san su.

Yadda sunayen suka shiga bakin Bahaushe

Tarihin Kano ya danganta zuwan Wangarawa ƙarƙashin Abdurrahman Zaite da zamanin Sarki Yaji (1349–1385), sannan Shehu Magili ya zo a zamanin Rumfa. Ta hanyar littafi da karatun zaure sunayen Larabci suka shigo, kuma wannan ya bar musu tabo. Malami yana karanta suna da wasalinsa na rufu'a, sai almajiri ya riƙe shi haka: Muhammadu, Umaru, Aliyu, Usmanu. Sunan da ya ƙare da ta-kuri kuma, idan aka furta shi da rufu'a, sai ya koma "atu": A'ishatu, Hadizatu, Halimatu, Aminatu, Hafsatu. Ta wannan ƙofa ɗaya Ɗalhatu da Usamatu da Ukashatu suka shigo.

Da yake sunayen matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa da mai shayar da shi sun fi yawo a gidaje, sai kunnen jama'a ya ɗauki "atu" a matsayin tambarin mace. Babbar shaida a kan haka ita ce Hindatu. A Larabci babu ta-kuri a sunan Hind, Bahaushe ne ya ƙara masa don ya zauna cikin sahun sunayen mata. A ɗaya ɓangaren kuma aka sami tagwayen sunaye da "u" ke nuna namiji, "a" ke nuna mace: Aminu da Amina, Habibu da Habiba, Jamilu da Jamila, Basiru da Basira. Amma ƙa'idar ba ta game ba, domin Zainabu da Maryamu da Balkisu da Hauwa'u da Asma'u duk mata ne, Musa da Isa da Yahaya da Zakariyya kuma Annabawa ne.

Sunaye biyu sun nuna yadda aro ke juya jinsi. Salamatu a ƙasar Hausa mace ce, amma mai karanta Sahihul Bukhari zai yi ta gamuwa da Salamatu ɗan Akwa'u, sahabi maharbi mai tsananin gudu. Rabi'atu ma mace ce a nan, ita ce ake taƙaitawa Rabi, amma babban malamin Imam Malik a fiƙihu shi ne Rabi'atu ɗan Abu Abdurrahman, wanda ya rasu a 136H. A Larabci kalmomi biyu ne dabam: na macen yana da ja a kan harafin farko, ma'anarsa ta huɗu, na namijin kuma jansa a tsakiya yake. A bakin jama'a sun haɗe, sai mata suka mallake sunan, maza suka koma Rabi'u.

Bayan jihadi

Mulkin Kutumbawa ya ƙare a wannan yanki ne. Bayan an ci Sarki Muhammadu Alwali da yaƙi, a Burum-Burum ta ƙasar Tudun Wada aka kashe shi a 1807. A zamanin Ibrahim Dabo (1819–1846) da 'ya'yansa, garuruwan kudu suka zama bakin daga, musamman a fuskar hare-haren Ningi, aka zaunar da mayaƙa da limamai da alƙalai a cikinsu. Tare da su sunayen gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka bazu: Bello, Atiku, Buhari, Sambo, Rufa'i ga maza, Hadiza, Faɗima, Maryam, Asma'u ga mata. Nana Asma'u (1793–1864) tagwaye aka haife su da ɗan'uwanta Hassan, amma Shehu bai bi al'adar sunan tagwaye a kanta ba, ya sa mata sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Shaharar ta da ta 'yan taru da ta kafa ta ƙara tabbatar da Asma'u a matsayin sunan mace tsantsa a wannan ƙasa, har ya zama da wuya a ji an raɗa wa namiji shi, ko da yake sahabi namiji ya ɗauke shi.

Wannan bai kori sunayen maza masu "atu" ba. Sarkin Zazzau na 1920 zuwa 1924 sunansa Ɗalhatu ɗan Yero, kuma har yau ana jin Ɗalhatu da Ɗalha da Tsalha a tsakanin Kano da Zariya. A fagen laƙabi ma haka abin yake: Sarkin Kano na 1963 shi ne Muhammadu Inuwa, kuma sarautar Iya a Zazzau maza ke riƙe ta, alhali kalmar a gida uwa take nufi.

Alkunya ta ƙara yawan sunayen tarayya. Idan an mayar wa yaro sunan kakansa, iyaye ba sa iya furta shi, sai su kira shi Baba ko Abba. Idan yarinya ce mai sunan kakarta, sai a kira ta Baba ko Inna ko Iya. Karin sauti ne ke raba Baban namiji da Babar mace. Matar nan da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, wadda ta tashi a Karo kusa da Zarewa, a iyakar Kano da Zazzau, da sunan Baba duniya ta san ta.

Zamanin takarda

A ranar 1 ga Fabrairu 1903 rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji, bayan kwana biyu ta ci Kano. A 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, rubutun boko ya fara samun gindin zama. Wannan rubutu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, wato abubuwan da kunne ke rarrabe suna da su. A takarda Baba ɗaya ne, Gambo ɗaya ne. Da shirin ilimin firamare na bai ɗaya ya zo a 1976, sunan yaron ƙauye ya shiga rajista, daga nan ya wuce takardar jarrabawa da katin ɗan ƙasa da fasfo, inda mai cike gurbin jinsi sau da yawa bai taɓa ganin mai sunan ba.

Tafiya aikin Hajji da karatu a ƙasashen Larabawa sun nuna wa Hausawa ɗaya fuskar al'amarin. Nura a Kano namiji ne, taƙaitawar Nuruddin. A Saudiyya kuwa Nura sunan mace ne, babbar jami'ar mata da ke Riyad ma sunan Gimbiya Nura 'yar Abdurrahman, 'yar'uwar Sarki Abdul'aziz, take ɗauke da shi. Ihsan kuma, wanda aka fi sa wa 'yan mata a Kano a yau, shi ne sunan Ihsan Abbas, masanin adabin Larabci da ya rasu a 2003, da Ihsan Ilahi Zahir, malamin Pakistan da ya rasu a 1987. Rahmatu a nan mace ce, amma Rahmatullahi al-Hindi, mai littafin Izharul Haƙƙi, namiji ne. Yaɗuwar makarantun Islamiyya ta dawo da Huzaifa da Usama da Mu'awiya cikin gidaje, ta kuma kawo sababbin sunaye daga kalmomin Larabci, irin su Iman da Amal da Islam, waɗanda al'ada ba ta gama yanke musu jinsi ba.

Abin da fiƙihu ya ce

Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu 386H/996), wadda ake karantawa a zaurukan wannan yanki, ta sanya yankan suna a rana ta bakwai, da dabba ɗaya ga namiji ko mace. Ibn al-Ƙayyim (ya rasu 751H/1350) ya tattara hukunce-hukuncen suna a Tuhfatul Maudud, inda ya nuna cewa raɗa suna haƙƙin uba ne, ya kuma bayyana sunayen da aka haramta, kamar bautar da yaro ga wanin Allah, da waɗanda aka karhanta saboda munin ma'ana. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi da Abdurrahman ne sunayen da Allah Ya fi so.

Wasu sukan kafa hujja da hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, wanda ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Hadisin ingantacce ne, kuma yana hawa kan wanda ya ɗauki sunan da jama'arsa suka keɓe wa mata ya ɗora wa ɗansa. Amma gane abin da aka keɓe wa mata yana komawa ga al'ada, kamar yadda yake a tufafi. Ƙa'idar cewa al'ada abar hukuntawa ce tana cikin manyan ƙa'idoji biyar na fiƙihu, kuma Imam Ƙarafi (ya rasu 684H/1285) ya bayyana a al-Furuƙ cewa hukuncin da aka gina kan al'ada yana juyawa idan ta juya, mai fatawa kuma ya tambayi al'adar garin mai tambaya kafin ya amsa masa. Ga kuma hadisin hana cuta da cutarwa da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, da aya ta 11 ta Suratul Hujurat da ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba.

Daga nan sunayen suka kasu uku ga uban da ke Kiru ko Doguwa. Na farko, waɗanda al'adar ƙasar ta riga ta karɓa a matsayin na maza, kamar Hamza da Ɗalhatu da Ukashatu da Huzaifa da Nura. Babu dalilin ƙyamar su, kuma wanda ya kira su sunayen mata ya kamata a sanar da shi masu su na asali. Na biyu, waɗanda sahabbai ko tabi'ai maza suka ɗauka amma al'adar Hausa ta keɓe wa mata, kamar Asma'u da Juwairiyya da Salamatu da Rabi'atu. Halaccinsu a asali bai wajabta su ba, kuma yaron da aka sa wa ɗaya daga cikinsu a Bebeji shi zai sha tsokanar sa'o'insa, shi zai yi ta gyaran takardu, don haka barin su ya fi. Na uku, sababbin da ba su zauna ba tukuna. A nan uba ya shawarci malamin da ya san Larabci, ya kuma saurari mutanen gidansa, domin su ne za su fara kiran sunan. Idan ya haɗa shi da sunan da babu shakka a kansa, kamar yadda magabata suka yi da Muhammadu Inuwa, ya rufe ƙofar ruɗani.

Kammalawa

Tsamiya ya mulki Kano, Ɗalhatu ya mulki Zazzau, Juwairiyya ɗan Asma'u ya ruwaito hadisi daga Imam Malik, kowannensu cikin jama'ar da ba ta ga aibu a sunansa ba. Kakar da ta yi tambaya ranar suna tana faɗin abin da kunnen garinta ke ji, ɗalibin da ya zaɓi sunan kuma yana riƙe da abin da littafi ya tabbatar. Aikin liman da malamin da aka kira raɗin suna shi ne ya san duka biyun, ya kare sunayen sahabbai daga jahilci, ya kuma kare yaron daga sunan da zai zame masa kaya. Allah Shi ne Mafi sani.